Safiyar da Na Juya Samari Daga Gonar Gwaggo

Laifina ne. Na daɗe ina rarraba shi, in ba fari kaso, in ba siyasa kaso, in ba ƙuruciya abin da ya rage, amma idan na zauna ni kaɗai na san wanda ya tsaya a mararrabar bayan gari da sungumi a kafaɗa ya ce wa samari su bi yamma. Ni ne, Ummaru. Gonar da muka tsallake ran nan kuwa ta ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo Hajo.

Damanar bana ce ta tono mini zancen. Ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya riƙa haɗuwa daga gabas kamar zai yi abin kirki, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da gumi da kallon sama. Ina zaune gindin dalbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar, samarin unguwa sun jingine baburansu suna duba waya, sai gardama ta kaure tsakaninsu. Wai sun ji ana maganar tura sojojinmu wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya. Ɗaya ya miƙe yana yarfa hannu yana cewa, "Mu da ba mu iya zuwa gonar nesa don tsoro, mu ke da sojan da za a ba wani aro?" Maganarsa ba ta wofi ba ce. Sai dai muryar da na ji tana fita daga bakinsa tawa ce, ta shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Zamanin siyasar farar hula ne, kafin sojoji su sake karɓe mulki. Ƙauyenmu yana yankin Kurawa, kasuwarmu Sabon Birni. Kakar da ta gabata ba ta yi auki ba, tun kafin bazara ta kankama sai mutum ya zura rabin jikinsa cikin rumbu kafin hannunsa ya taɓa dami. Iri kuwa ba a taɓa shi. Kowace uwar gida ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika tun kaka, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin tulu da laka. Yara na kuka, tulun na kusurwar ɗaki, ba mai ko kallonsa.

Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba. Da hantsi rairayi ya riga ya hana tafiya ba takalmi. Rijiyar gari ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa kuma rabi ruwa rabi laka, sai an ajiye shi ya kwanta. Gulbi ya zama hanyar jakai. Mata na tona rairayin cikinsa, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo cikin ramin su kwasa da ludayi. Fulanin da ke zaune gefenmu, shanunsu sai an sa musu sanda ƙarƙashin ciki an ɗaga kafin su miƙe. Kaji ma sun bar yawo, sai su lafe gindin danga baki buɗe.

Da yake babu aikin gona, sai muka maida himma wajen baki. Majalisarmu rumfar Ladan tela ce, don shi ke da rediyo. Da rana zai jera baturan a kan dutse su sha zafi, wai suna ƙara rai, da la'asar ya maida su ya murɗa. A nan muka ji an tura sojojinmu Chadi su shiga tsakanin masu faɗa da juna, muka kuma riƙa jin 'yan majalisa na can Ikko suna ja-in-ja a kai. Wasu na cewa aikin maƙwabtaka ne, wasu na cewa ɓarnar dukiya ce. Jam'iyyar da nake bi tana cikin masu suka, ni kuma na ɗauki sukar na ɗora bisa kaina fiye da masu ita.

"Ku ji hwa," nakan ce. "Ɓarayi sun kore shanu a bakin iyaka, wa ya ga soja? Yunwa na ƙofar gida, ana loda buhunan abinci a mota ana kai ma wasu. Soja na tsaron gida na, ba na yawon sasanta mutane ba."

Ladan yakan ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya ce, "Ummaru, Chadi ba bayan duniya take ba, raƙumi na zuwa. In rikicin can bai mutu ba, bindigogin nan ina kake tsammani za su ƙare? Kasuwa za su shigo, kamar gishiri."

"To su tsare iyaka, kar su shigo."

"Iyakar da kai kanka ka ƙetara da jaki ka sawo kanwa, ba wanda ya tambaye ka sunanka?"

A yi dariya, ni in ƙara hawa. Baba Tunau, sarkin noman garinmu, ba ya shiga gardamar. Yana gefe yana tufkar igiya, abin da yakan ce kawai shi ne, "Ku rage murya in Hajo za ta wuce rijiya. Ɗanta na cikinsu."

Ɗan nata shi ne Arzika, taubashina. Tare muka tashi, tsakaninmu babu abin da ba a faɗa. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa majalisa ba: tare muka je wurin ɗaukar soja, aka auna ƙirji da tsawo, aka ɗauke shi aka bar ni. Na dawo na ce wa mutane ni na fasa don kaina. Tun daga nan duk ran da ya zo gida da kakinsa a goge, haushi yakan kama ni. Da gardamar Chadi ta zo, sai abin ya sami rigar sawa.

Kafin a tafi da su ya zo sallama. Mahaifinsa ya rasu, ba shi da ƙane namiji, gidan daga Gwaggo sai matarsa Hurera da jariri a bayanta. Ya same ni ƙofar gida ya ce, "Taubashi, ga gona nan na bar maka. Ka taimaka kar ka cinye irin, na san cikinka."

Na ce, "Tafi ka yi ma Chadawa gadi. In ka dawo ka dafa takalminka ka ci."

Ya yi dariya har da dukan kafaɗata. Da wasa ya faɗa, amma ni da shi duk mun san amana ce ya ba ni.

Shuka a wurinmu aikin mutum biyu ne. Namiji na gaba da sungumi yana sara, yana tafiya yana buɗe rami, mace ko yara na biye da ƙoƙon iri suna jefawa suna rufewa da diddige. Kuma aikin yini ɗaya ne mai kyau, don ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe danshi. Shi ya sa garinmu ke da al'ada tun kakanni: safiyar da ta biyo ruwan shuka, ba saurayin da zai taka gonarsa sai an gama sara wa gidajen da babu namiji, wato na gwauraye mata, da na majinyata, da na matafiya. Ba a dafa wa kowa komai, ba gayyar ci ba ce. Mata su riga mu zuwa da irinsu, mu sara mu wuce. Da ƙafafun Baba Tunau suka yi nauyi, ni ya danƙa wa jan samarin.

Mun yi roƙon ruwa har mun gaji da juya riguna. Sai wata rana bayan azahar iska ta tsaya cik, zafi ya danne gari kamar an kife mu da kwano, gabas ta yi baƙi. Wannan karon iskar ba ta watsa shi ba. Ɗigon farko da ya faɗi a rairayi sai da ya tada ƙura, sannan ruwa ya kece. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na rufe ido ina jin sa. Mata suka fito da kowane tulu da kwarya, awaki suka ruga zaure, tsofaffi suka tsaya cikin ruwan suna ɗaga hannu ba su damu da rigunansu ba. Bai ɗauke ba sai wajen magariba.

Da asuba Baba Tunau ya dogara sandarsa ya fita bayan gari, ya tona ƙasa da hannu har danshi ya wuce wuyan hannunsa. Ya duba sama, ta washe tas. Ya ce, "Ya yi shuka. Amma wanga ruwa ban ga ƙanensa kusa ba. Ku yi sauri." Ya koma gida.

Muka taru a mararraba, kowa da sunguminsa. Hanyar yamma ta nufi gonakin wasu tsofaffin mata da na wani makaho, kuma can namu gonakin suke. Hanyar gabas gona ɗaya ce a kanta da ke jiranmu, ta Gwaggo. Daga inda nake tsaye ina hango su ƙarƙashin gawon bakin gonar, ita da Hurera, ƙorai a ka. Sun fasa tulun iri sun fito tun kafin rana. Samari har sun fara karkata wajen, don ita ce kusa.

Na ce, "Ku tsaya. Gidan soja ba ya cikin gidajen da babu namiji. Namijinsu na can shina tsaron gonar wasu. Gwamnatin da ta aike shi ta aiko mai sara."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar su, wasan taubasai na." Suka biyo ni yamma suna tsammanin za mu zagayo. Ni kuwa na san ba za mu zagayo ba. Da muka gama da gonar makaho rana ta ɗaga, ƙasa ta fara fari a sama, kowa hankalinsa ya koma kan tasa gonar. Na ce a watse. Na tafi tawa, mai ɗakina Ige tana biye da ni da iri, muka shuke ta kaf cikin danshi mai kyau.

Gwaggo da Hurera sun jira har inuwar gawon ta matse. Da suka ga ba mai zuwa, sai suka ɗauki 'yar kwasar da suka zo da ita, suka duƙa suna tona rami ɗaya-ɗaya, tsohuwa da mai goyo. Abin da namiji zai sara yana tafe yana waƙa, su sai sun sunkuya sun miƙe a kowane rami. Zuwa azahar kusurwa ɗaya suka iya yi. Gwaggo ba ta kai ƙara ba, ba halinta ba ne. Kafin labari ya isa kunnen Baba Tunau ya tura mutane, rana ta shanye danshin. Suka sara duk da haka, aka zuba sauran irin cikin ƙasa mai ɗumi, da fatan wani ruwan zai biyo baya.

Bai biyo ba. Sama ta bushe kamar ba ta taɓa yin hadari ba. Geron da ya shiga ƙasa ranar farko ya fito, ya kafa saiwa, ya nannaɗe ganye yana jira. Wanda ya shiga a makare wani ya fito siriri rawaya kamar zare, rana ta ƙone shi, wani ko fitowa bai yi ba, gara da ɓeraye suka bi layi suka tone. Gonar Gwaggo ta koma fili, sai 'yar kusurwar nan kore. Tulu kuma babu komai a cikinsa.

Baba Tunau bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya kira ni zaurensa, ya daɗe yana tufkar igiyarsa, sannan ya ce, "Ummaru, gardamarka da mutanen Ikko ta. Hajo mi ta yi maka?" Na fara cewa ai wasa ne ya wuce wuri. Ya ce, "Wasa ba ya hana tsohuwa danshi." Daga ran nan wani ya riƙa jan samari, ba a kuma sake zancen ba.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da rowa, yayyafi nan, guguwa can. Baba Tunau ya bi gida-gida aka tara wa Gwaggo iri da tafin hannu, aka sake shukawa, amma lokaci ya wuce. Kara ya tashi bai kai ga fidda kai ba damana ta ɗauke. Tsakanin nan yunwa ta zauna sosai. Tuwo ya koma na dare kaɗai, daga baya ya koma kunu, kunun ma ana ganin gindin kwarya ta cikinsa. Mata suka shiga daji tsinkar tafasa da ganyen aduwa. Aka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa ana zubar da ruwan ana sakewa kafin su ciwu. Wasu suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara. Dusar da muke ba awaki muka tankaɗe muka dama. Mutum in ya miƙe da sauri sai ya dafa bango, gari ya gama juyawa tukuna.

A kaka gonata ta ba da ɗan abin da ta ba da, kawuna gajeru, amma hatsi ne. Ta Gwaggo, abin da kusurwar nan ta haifa Hurera ita kaɗai ta ɗauko shi a ka. Abin da Arzika ke aikowa ba ya isowa a kan kari, ran da ya iso kuma hatsin kasuwa ya fi ƙarfinsa. Nonon Hurera ya ja baya, jaririn ya bar kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi. 'Yan'uwanta suka zo daga Tozai da jaki suka tafi da su, can akwai akuya mai shayarwa, kuma Allah ya raya yaron. Suka ce Gwaggo ta biyo su, ta ce ba ta barin gida ɗanta ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe.

Ige takan ɗebi gero cikin ƙoƙo ta rufe da gefen zane ta fita, wai za ta ɗebo wuta. Na san gidan Gwaggo take zuwa. Ban hana ta ba, ban kuma taɓa cewa ta ƙara ba, don in na ce ta ƙara, na amsa laifi ke nan. Sau ɗaya na shiga gidan da kaina. Na tarar da Gwaggo zaune tana tsame anza daga ruwa, hannuwanta sun yi fari sun tattare. Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan yayana, ka tuna da ni? Zauna, ka yi rama." Ta tura mini kwanon da ta tsame wa kanta. Na ci, ɗacin na kama mini harshe, ina jiran ta ce wani abu game da gonar. Ta tambaye ni lafiyar Ige, ta tambaye ni ko rediyon Ladan ya faɗi ranar da za a sako su Arzika. Shi ke nan.

Arzika ya dawo da rani. Na yi zaton za ni ga ƙato mai sheƙi, sai ga mutum ya rame kamar mu, wuya ya fito, kakin na lilo a jikinsa. Da ya zauna rumfar Ladan aka yanyame shi, kowa na son ya raba mana gardama. Ya ce shi bai san abin da manya suka ƙulla ba, bai kuma san ko aikin ya biya ba, don sun baro mutanen ba su gama shiryawa ba. "Ni dai an ce in tsaya bakin wata rijiya, na tsaya. Mu ma abincin ba kullum shike zuwa ba. Amma kwanakin da munka yi wurin, mata sun ɗebi ruwa ba wanda ya harbe su."

Sannan ya ce, "Abin da ban manta ba, wani tsoho da ya ce mani bara ruwan shuka ya sauka garinsu, ƙasa ta jiƙa sharaf, amma ba wanda ya fita, don akwai bindiga a hanyar gona. Suna zaune cikin ɗaki suna jin danshi na tahiya."

Ba ni yake kallo ba da ya faɗi haka. Ni ne na kasa kallonsa.

Tsohon nan ya ba shi wasu kawunan gero ya ƙulle a tsumma, wani iri ne na can mai saurin nuna. Arzika ya sussuke ya raba wa gidaje kaɗan-kaɗan. Da ya zo kaina, ya riga ya ji komai, ba abin da ke ɓoyuwa a ƙauye. Ya zuba mini a tafi ya ce, "Ga naka, Sarkin Sara. Wanga ba ya son jira, ka shuka shi da wuri. Ko kuwa sai gwamnati ta aiko maka mai sara?" Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na ce, "Soja da kyautar tsaba, bindigar ta ƙare?" A haka muka rufe zancen da wasa.

Damanar da ta biyo ta fi ta farko tsanani. Irin Arzika bai ceci gari ba, kansa gajere ne, kuma da yake shi ke fara nuna, tsuntsaye sun ci rabonsu. Amma ya nuna a daidai watan da rumbu ke wayam, sauran gero bai ko yi bununi ba. Mun murza shi ɗanye a tafi mun ci a tsaye cikin gona. Gidaje da yawa da tumun nan suka ƙetare, har da nawa. Bayan nan shekaru suka gyaru, ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, Arzika ya gama aikinsa ya dawo gida noma. Gwaggo ta rayu ta ga jikokinta, ta rasu ina cikin masu ɗaukar makararta, ban taɓa buɗe baki na ce mata ta yafe ni ba.

Taubasantaka ce ta ba ni maɓoya. Kowace shekara, safiyar ruwan shuka, in muka haɗu a mararraba sai Arzika ya ce, "Sarkin Sara, yau gabas ko yamma?" Ni kuma in ce, "Inda babu soja." Mu yi dariya, kowa ya kama hanyarsa. Na riƙa gaya wa kaina ai tunda yana wasa da abin, ya wuce. Ban tsaya na lura ba cewa shekara arba'in mutum bai fasa tambaya ɗaya ba.

Yanzu abin da tsohon Chadi ya faɗa mun gan shi da idonmu. An yi damanar da ruwa ya sauka muna zaune cikin gida muna jin danshi na tafiya, don hanyar gona ba ta biyuwa. Bindigogin da Ladan ya ce za su shigo kasuwa sun shigo, Allah ya ji ƙansa bai ga wannan ba. Har gobe ina cewa a fara tsare gida, Arzika kuma yana cewa wutar da aka bari a can ce ta iso nan, kuma mukan kai la'asar muna wannan ba wanda ya kayar da wani. Al'adar sara wa gidajen da babu namiji ta mutu ba a san ranar ba. Samari na kan babur suna neman na cefane, ban ga laifinsu ba.

Bana an ɗan sami sauƙi, mutane sun fara komawa gonakin gabas. Kwanaki kaɗan bayan gardamar samarin nan, ruwa ya zo da la'asar, mai nauyi, irin wanda ke sa kwaɗi su tashi. Da na idar da sallar asuba na zauna ina lissafin gidaje kamar yadda nakan yi a da, sai na ga gidan Arzika ya shiga layi. Gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya sara. Jaririn nan da aka kai Tozai a kan jaki shi ma kaki ya sa, yana can inda aka tura shi, ƙannensa suna kudu neman abinci. Na jawo sungumina daga bayan rumbu. Ige ta dube ni ta ce, "Tamu gonar hwa?" Na ce ta jira. Na ga dai tana murmushi tana ɗaure bakin ƙullin iri.

Na same shi a mararraba, yana dogara sanda, ƙoƙon iri a hannu, Hurera na biye da 'yar kwasa. Ya gan ni ya washe baki. "Sarkin Sara, yau gabas ko yamma?"

Na ce, "Gabas."

Ya dube ni, ya dubi sungumin. "Kai da bayanka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Kar ka mutu a gonata a ce soja ya kashe ka."

Ban rama ba. Muka tafi a hankali, tafiyar tsofaffi. Gawon na nan inda yake. Na tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce wuyan hannu, sanyi har cikin ƙashi. Na fara sara, yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige, jikan irin nan ne na cikin tsumma, ko da yake ya gauraya da namu tuntuni. Layina ya karkace, numfashina na fita da ƙara, amma ƙasa na buɗewa baƙa mai laushi, tana ƙamshi. Da muka kai kusurwar da Gwaggo ta tona da hannunta, na tsaya na kafa sungumin.

Arzika ya ce, "Har ka gaji? Dama an ce ƙirjinka bai kai ba."

Na ce, "Arzika, aje wasan. Yau ba taubashinka ke magana ba."

Ya sauke ƙoƙon. Hurera ta tsaya inda take.

Na ce, "Ran nan na hango su gindin gawon ga, ita da Hurera, da iri bisa kai. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma wasa ba ne. Da gangan na juya samari, don ina jin haushin an ɗauke ka an bar ni, na laɓe bayan zancen gwamnati. Ka ba ni amana na ci. Na sa uwarka ta ci anza, na sa ɗanka ya kusa tahiya. Gwaggo ta wuce ban roƙe ta ba, wannan sai dai in bi ta da addu'a. Ku kuna raye. Hurera, ki yafe mani. Arzika, don Allah ka yafe mani."